Ragin da Madam Take Yi Mana

Ni dai tun ina ƙarama ban yarda da araha ba. In mai tumatir ya ce in ƙara ɗaya kyauta, sai na juya kwandon na nemo ruɓaɓɓen da yake so ya rabu da shi. Wajen Baba na gaji wannan hali, don shi ko gaisuwa aka yi masa ta wuce kima sai ya shafa aljihu. Shekara da shekaru yana sayar da bandar kifi a kasuwar Gashuwa, ya ga masu cusa ƙananan tarwaɗa a ƙasan kwali su jera manya a sama, ya ga masu yayyafa wa kifi ruwa don ya yi nauyi. Saboda haka lokacin da wata mai gidan abinci a Nguru ta fara yi mana ragin da ba mu roƙa ba, daga ni har shi babu wanda ya ji daɗi. Inna ce kaɗai ta ci abincinta hankali kwance.

Da a ce gidanmu lafiya lau yake, da ragin bai wuce abin mita a mota ba. Amma akwai rantsuwa a gidan, kuma a kan babban yayana take. Baba yana da fadama a wajen Dagona, gadon ubansa, inda muke samun shinkafar da muke ci. Shekarar da Baba ya kwanta jinyar ƙafa ya damƙa wa Yaya ita ya kula. Yaya kuwa idonsa na kan mota. Ya sayar da fadamar ba da sanin kowa ba, ya sayi a-kori-kura, yana cewa kafin damina biyu zai sayi wadda ta fi ta. Ranar da ya kawo buhun gero da 'yan kuɗi na ribar farko, Baba ya sa aka fitar da buhun waje, ya tsaya a ƙofar zaure gaban maƙwabta ya rantse da Allah cewa duk abin da ya fito daga wannan mota ba zai shiga cikinsa ba. Ya ƙara da cewa in Yaya ya kuskura ya biyo da shi ta bayan gida ya ci bai sani ba, to ranar da ya gane zai yi masa baki, bakin da ba zai janye ba. Kowa a unguwarmu ya san Baba ba ya magana biyu. Yaya ya kwashe matarsa ya koma Nguru, yana ɗaukar hatsi da awaki daga Kumagannam.

Inna ba ta ce uffan ba a ranar, ba ta kuma ce ba bayan ranar. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna irin matan da ne: ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta shiga maganarsa ko da yanka shi za a yi a gabanta. In dole ta kama, sai ta ce min "yayanki", tana kallon wani wuri. Ina yarinya na ɗauka ba ta son sa ne.

Ana nan ciwon ƙoda ya kama Inna. Kowane wata muna shiga motar haya mu tafi babban asibiti a Nguru, ni da ita da Baba. Ni ce mai riƙon kati da jakar magani, tunda ni ce 'yar bokon gidan, ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Likita ya hana ta gishiri, ya hana dunƙule, ya hana kanwa da jan nama, wato duk abin da ke sa miya ta amsa sunanta. In na dafa mata a gida sai ta ɗanɗana ta ture kwanon ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, wannan ai horo ne." Ta rame har zobenta yana zamewa. Ina kuka a kicin, in fito ina yi mata tsiya cewa ta cika tsirfa.

A bakin asibitin akwai wata rumfar kwano mai benci huɗu ko biyar, ta wata Kirista daga wajen Filato, kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe a Nguru, Hausarta tsaf, har gaisuwar Barebari tana amsawa. Ita ce ta kalli Inna ranar farko ta ce, "Mama, ba gishiri ko? Zauna." Ta kawo gwaten acca da kabewa da albasa da ɗan kifi ɗanye, ta matse lemon tsami a kai. Wallahi ina kallo Inna ta sa hannu ta suɗe kwanon. Haushi ya kama ni, daɗi ma ya kama ni. Daga ranar, in mun fito daga wajen likita can muke zama: Baba tuwo da miyar kuka, ni shinkafa da kifi, Inna gwatenta.

A jikin bango akwai allo, an rubuta kuɗin kowane abinci da alli. A ƙasa an rubuta cewa iyali daga mutum uku zuwa sama ana rage musu kashi goma cikin ɗari. Wannan bai dame mu ba, ragin kowa da kowa ne, a fili yake. Watannin farko haka aka yi mana, Baba ya biya, muka kama hanya.

Sai wata rana Baba ya ce, "Madam, nawa ne?" ta ce, "Dubu biyu, Baba." Na ɗaga kai na dubi allo. Ko da ragin iyali, abin da ya kamata ta ce dubu biyu da ɗari bakwai ne. Baba ma ya gane, don hannunsa ya tsaya a aljihu.

"Kin yi kuskure," ya ce.

"Ban yi ba. Ragi ne."

"Ragin me?"

"Ragi dai, Baba. Ku ai kun zama 'yan gida." Ta juya tana yi wa wani zuba miya, ba ta sake kallonmu ba.

To, a ƙasarmu akwai al'adar da kowa ya sani. In wani wanda ya san ka ya gan ka kana cin abinci a waje, sai ya biya maka a ɓoye ya yi tafiyarsa. In ka tashi biya, mai abinci ya ce maka "an biya". Ka ce wa, ya ce wani bawan Allah, ka sa albarka, shi ke nan. Da Madam ta ce an biya, da Baba ya tsare ta sai ta siffanta masa mutumin. Amma ba ta ce an biya ba, ragi ta ce. Ragi kuwa daga aljihun mai kaya yake fitowa, ba ka da wanda za ka tuhuma. Wannan ne ya tsaya min a rai, domin ruwa ba ya tsami banza.

A mota na yi ta saƙa da warwara. Na fara cewa tarko ne, tana so mu saba ne ta tsuga mana daga baya. Na duba na ga babu ɗan kasuwar da zai yar da ɗari bakwai don ya kama mutum uku da ke zuwa sau ɗaya a wata. Sai wani mugun tunani ya zo min: matar nan ma'aikatan jinya a wajenta suke cin abinci. Ko sun gaya mata wani abu a kan Inna da ba su gaya mana ba? Ko haka take yi wa waɗanda aka san kwanansu ya kusa ƙarewa? Na dubi ƙafafun Inna da suka kumbura a cikin silifas. Wata na gaba sai da na tsare likita a ƙofa na ce don Allah ya gaya min gaskiya. Ya ce ciwon yana nan inda yake, bai ci gaba ba, kuma in daina yi masa kallon ɓarawo.

Shi kuwa Baba sadaka ya fara zargi. "Ta ga mun yi mata kama da mabarata ne?" Wata na gaba ya saka babbar rigarsa ta Juma'a don kawai ya je cin tuwo. Ragin bai fasa ba. Ya ajiye kuɗin daidai da na allo a kan tebur, ta biyo mu har bakin titi ta cusa wa Inna canjin a jaka, tana cewa ita ba ta cin haram. Na lura Inna ba ta yi musu ba. Na kuma lura da wasu abubuwa: ranar asibiti Inna tana ɗaura zanenta mai kyau, kuma a rumfar kullum bencin da ke fuskantar titi take zaɓa, ita da ba ta son ƙura da hayaniya. Tana ci tana ɗaga ido duk lokacin da mota ta wuce. Na ce a raina, da walakin, goro a miya.

Baba ne ya gani da idonsa. Mun fito daga rumfar wata rana sai ya tsaya cak. Can gefen masu facin taya, an ajiye wata a-kori-kura shuɗiya da buhuna a baya, babu kowa a ciki. Baba sau ɗaya ya taɓa ganin motar nan, amma mutum ba ya manta abin da ya cinye gonar ubansa. Har muka iso Gashuwa ko mai karɓar kuɗin mota bai yi wa ciniki ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Washegari bayan la'asar ina tsakar gida ina duba aikin ɗalibai, sai ga shi da yagaggen kwalin kifi a hannu. Ya ajiye a gabana, ya ja kujera ya zauna. Inna tana kan tabarma can gefe tana tsintar shinkafa, ta ba mu baya.

"Malama," ya ce. In ya ce min Malama to babu wasa. "Na biya miki kuɗin makaranta ko ban biya ba?"

"Ka biya, Baba."

"To yau zan ci moriyarsa. Matar nan ba ragi take yi ba, biya ake yi, kuma na san mai biyan. Abu ɗaya nake so ki fitar min. Kuɗin nan da ake cirewa, a kan duka abincin ake cire shi, ko a kan wani kwano? In ko kwabo ɗaya ya taɓa tuwona, to ya ciyar da ni ta bayan gida, kuma kin san abin da na faɗa."

Na ce, "Baba, ai sai a tambayi Madam."

"Wadda aka saya? Ke zan tambaya. Ke ba ki iya ƙarya ba, kunnenki rawa yake yi."

Hannun Inna ya tsaya a cikin faranti. Ba ta juyo ba.

Na rantse ban san amsar ba a lokacin. Na ji haushin Yaya kamar in shaƙe shi. Wawa kawai, ka san halin mutumin nan, ka san abin da ya rantse, me ya kai ka wasa a bakin rijiya? Na yi tunanin in murɗe lissafin in ya fito ba daidai ba. Amma Baba ko bai san boko ba ya san kuɗi, in na karkata zai ji a jikinsa, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da komai ba sai abin da zuciyarsa ta raya masa. Na ɗauki biro.

Na ce masa kuɗin abinci kullum canzawa yake, yau ka ga wannan a allo, wata mai zuwa an goge an ƙara. Don haka ba za mu bi lamba ba, harafi za mu sa, irin lissafin aljabara da nake koya wa yara. Tuwonsa na sa masa t. Shinkafata s. Gwaten Inna g. Na rubuta t + s + g, na ce wannan shi ne kuɗin abincinmu duka, ko nawa aka sayar.

Ya leƙa ya ce, "Yanzu wannan mai kama da sandar makiyayi ni ne?"

"Tuwonka ne, Baba."

"To ci gaba."

Na ce akwai hanya biyu da mai biya zai iya bi. Ko dai ya ce wa Madam ta cire wani kaso daga jimlar, shi ya cika. In haka ne, kowane kwano ya samu rabonsa, har da t. Ko kuma ya ɗauki kwano ɗaya ya biya shi sukutum, sauran bai taɓa su ba. Na ce ya faɗa min abin da ke allo ranar da aka fara, da abin da ya biya. Baba ba ya rubutu, amma kuɗin da ya fita daga aljihunsa ba ya ɓace masa. Ya ce tuwo ɗari takwas, shinkafa dubu da ɗari biyu, gwate dubu. Ya biya dubu biyu.

Na haɗa. Dubu uku ke nan, an cire dubu ɗaya. Kafin in buɗe baki Baba ya miƙe tsaye.

"Sulusi! Kashi ɗaya cikin uku ya ɗauka na komai. Na ci sulusin tuwo da kuɗin motar nan!"

"Baba, zauna don Allah."

"Me ya rage?"

"Dubu ɗaya sulusin dubu uku ne, gaskiya. Amma dubu ɗaya kuma shi ne kuɗin gwate. Wannan ranar ba ta raba gardama ba, duka biyun sun hau." Na rubuta masa su ɗaya a kan ɗaya. A sama, kashi biyu cikin uku na (t + s + g). A ƙasa, t + s kawai. Na ce, "Ranar farko waɗannan biyun amsarsu ɗaya. Sai mun samo ranar da suka saɓa. Ba ni watan da aka ƙara kuɗi."

Ya zauna a bakin kujera kamar mai shirin sake tashi. Ya ce bayan an ƙara kuɗin fetur, tuwo ya koma dubu, shinkafa dubu da ɗari biyar, gwate ma dubu da ɗari biyar, don Madam ta ce acca ta yi tsada. Na ce nawa ka biya? Ya rufe ido. Na ji Inna ta ajiye farantin a ƙasa a hankali.

"Dubu biyu da ɗari biyar."

Na sa lambobin a layin sama. Jimla dubu huɗu, in an cire sulusi abin da zai rage ya haura dubu biyu da ɗari shida. Bai hau ba. Na sa a layin ƙasa: dubu da dubu da ɗari biyar. Dubu biyu da ɗari biyar cif. Na ja dogon layi na soke na saman, har biron ya huda kwalin.

"Gwate ne, Baba. Gwate kaɗai ake biya."

Bai yarda ba, dama na san ba zai yarda da sau ɗaya ba. Ya ce, ranar da cikinki ya ɓaci kika ci tuwo irin nawa fa? Na rubuta t + t + g, na ce in maganata gaskiya ce dubu biyu ka biya. Ya ce dubu biyu ya biya. Ya kawo wata ranar, da wata. Har ranar da ya sha lemon kwalba ya tuno, na ƙara masa harafi. Duk inda muka juya, g ce kaɗai take ɓacewa, sauran suna nan daram, shi ya biya abinsa. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya. Na ce alhamdu lillahi a fili, ban damu ya ji ba.

Na ɗauka an gama. Sai Baba ya sa yatsa a kan kwalin ya ce, "Tsaya. Ragin iyali fa? Na allo. Kashi goman nan da ake yi wa mutum uku. In da kwanon uwarki aka cika mu uku, kuma shi ya biya kwanon, to ragin da na samu ta dalilinsa na same shi. Ko ba haka ba?"

Kai, Baba! Da alƙali ya zama da an shiga uku. Amma tambayar tana kan hanya. Na koma kan kwalin. In an yi masa ragin allo, abin da zai biya kashi tara cikin goma ne na (t + s). Na gwada da ranar farko: da dubu da ɗari takwas zai biya. Dubu biyu ya biya. Na gwada da sauran. Ko ɗaya babu.

"Ba a yi maka ba," na ce.

"Ba a yi min me ba?"

"Ragin allo. Tun ranar da aka fara biyan gwate aka daina yi maka. Mutum biyu ake lissafa mu, ni da kai. Kuɗin tuwonka cikakke kake biya, kamar baƙon da ya shigo shi kaɗai."

Na zaci zai yi murna, ko ya yi faɗan an cuce shi kashi goma wata da watanni, wanda ya fi kama da halinsa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki kwalin ya kawo kusa da ido, shi da ba ya karatun boko, ya daɗe yana kallo.

"Sake dubawa," ya ce.

"Na duba, Baba."

"Ko naira ɗaya?"

"Ko kwabo."

Ya ajiye kwalin, ya shiga ɗakinsa. Ranar bai ci tuwon dare ba. Ni kuwa na rasa gane kansa: mutum ya samu abin da yake so, rantsuwarsa ba ta karye ba, ɗansa ya tsira daga bakinsa, sai kuma ya koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na je na zauna kusa da Inna na ce a hankali, "Kin sani ko?" Ta ce, "Tashi ki ɗora ruwa, magariba ta yi." Idonta ya yi ja.

Watan ya zagayo muka koma Nguru. Duk hanya ina fargaba, don ban san abin da ya ƙulla ba. Muka gama da likita, muka shiga rumfar, Madam ta kawo abinci kamar kullum. Baba bai sa hannu ba. Ya ce, "Madam, zo." Ta zo tana goge hannu a zane, tana kallona kamar ni na kai ƙararta.

"Ba zan tambaye ki ko wane ne ba, na sani," ya ce. "Abu ɗaya za ki gaya min tsakaninki da Allahn da kike bauta wa. Ragin allo da kika daina yi min, ke kika ga dama, ko sa ki aka yi?"

Ta dubi Inna. Inna tana kallon titi.

"Baba, ni na so in ci gaba da yi maka," ta ce. "Shi ya hana. Ya ce in na rage maka saboda kwanon Mama, to kuɗinsa ya taɓa abincinka, kuma ka yi rantsuwa. Har cokali ya ce kada in haɗa. Na ce masa wannan wane irin abu ne, uba da ɗa? Ya ce ke dai ba ki san Babana ba, in ya faɗi magana a bi masa ita. Duk wata sai ya zo tun da safe ya biya, ya sake ja min kunne, sannan ya je can wajen masu faci ya zauna a bayan taya har ku tafi."

Baba ya sunkuyar da kai. Tuwon yana gabansa yana hucewa. Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"Na ce masa ya yi karatu, bai ji ba. Na ce ya riƙe gona, bai ji ba. Duk maganar da na yi masa a duniya, wannan ce kaɗai ya ga damar riƙewa."

Ni dai hawaye ya riga ya zubo min, ina share shi da gefen mayafi ina jin haushin kaina a gaban mutane. Inna ba ta motsa ba, amma gwaten ma ba ta taɓa shi ba.

Can sai Baba ya gyara zama, ya sa hannu a aljihu. "Kwano goma na shinkafa da kifi nawa ne?"

Madam ta ce, "Goma? Baƙi za ku yi?"

"Masu jinyar da ke kwance a ƙofar asibiti, waɗanda ba su da mai kawo musu. Ki zaɓi goma ki kai musu, su ƙoshi."

Ita ba ta gane ba, amma ni na gane, Inna ma ta gane, don sai a lokacin ta juyo ta dube shi. Wanda zai warware rantsuwar da ya yi da sunan Allah, miskinai goma yake ciyarwa. Madam ta fara lissafi da yatsu, ta ce tunda goma ne za ta cire masa kashi goma. Ya ɗaga mata hannu ya ce wannan ba a ragi a cikinsa, ya ƙirga kuɗin cif ya ajiye. Sannan ya jawo kwanon ruwa ya fara wanke hannu, ya yi ta wankewa kamar ba zai gama ba.

Madam ta tattara kuɗin, ta ce, "To Baba, shi fa? In ya zo me zan ce masa?"

Baba bai ɗago ba.

"Ki ce masa ubansa ma yana jin yunwa."